Yadda ake gwajin sikila tun kafin a kai kuɗin gaisuwa

Ɗan ƙanena shekararsa tara, yana da sikila. Duk hunturu, da iska ta fara kaɗawa a Gusau, a asibiti muke kwana, ina murza masa ƙafafu yana kiran sunan Allah. Auren zumunci iyayensa suka yi, ba wanda ya yi zancen jini. Shi ya sa yanzu duk mai neman 'yata, gwaji nake fara tura su tun soyayya ba ta yi nisa ba.

Ku je tare, Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura ko Asibitin Tarayya, ku ce jinotaif kuke so, wato gwajin da ke nuna ko mutum ya gaji sikila. Ba shi ne rukunin jini irin su O da B ba, mutane na yawan haɗa su. Takarda za ta nuna AA, AS, AC, SC ko SS; masu SS da SC su ne masu ciwon sikila. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata 3 ya dakata, don jinin da aka sa masa zai ɓoye nasa. Ku maimaita a wani wurin daban, kuma ku karɓi takardar da hannunku.

Ga inda ake yawan kuskure. Yaro harafi ɗaya yake gada daga uwa, ɗaya daga uba. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso 1 cikin 4 na zuwa da SS. Na sha jin mata suna cewa ai na fari ya ɗauke, sauran ukun sun tsira. Wallahi ba haka ba ne, kowane ciki sabon lissafi ne. AS da AC ma na iya haifar SC. Amma AS ba mara lafiya ba ce, kada a guje ta; in ta auri AA ba za su haifi SS ba.

A 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayar halitta a ƙwayoyin ɓargo, sai dai kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. Mu abin da ke hannunmu ga yaron da aka riga aka haifa shi ne ruwa da yawa, gidan sauro, rigar sanyi, folik asid, da maganin hydroxyurea in likita ya rubuta. Da zarar jikinsa ya yi zafi, a ranar za a kai shi asibiti, ba a jiran gari ya waye.