Darasi na Tara: Idan Intanet ɗin Gida Yana Ɗaukewa

A gidan da aka ja intanet ta waya, wayar na shigowa daga waje ta shiga wani ɗan akwati mai fitilu da ake kira modem. Daga nan wata waya ke kai shi ga kwamfuta ko rawuta, ita kuma ta raba wa sauran na'urorin gidan. Wannan mai rabawa ita ce ƙofa. Idan ta rufe, kowa ya tsaya.

Wata ɗalibar ajinmu mai ɗinki ta same ni ranta a ɓace. Ta ce, "Malam, ina cikin tura wa mai kaya hoton ɗinkinta sai abin ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Yarona ya ce a zura allura a ɗan ramin da ke bayan akwatin." Na ce, "Hajiya, kada ki bari ya taɓa shi." Wannan rami shi ne aka rubuta wa Reset. Idan aka danne shi na wasu daƙiƙoƙi, duk saitin da ma'aikacin kamfani ya yi zai goge, har da lambar sirri. Ƙaramar matsala sai ta koma babba.

Aikinmu shi ne mu gano inda hanya ta yanke, kamar mai bin bututun famfo yana neman inda ruwa ke zuba. Daga bango ake farawa.

Wuta ce farkon abin zargi a wurinmu. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, ko aka juya zuwa janareta, modem yana mutuwa, kuma yakan ɗauki minti biyu zuwa uku kafin ya sake haɗuwa da kamfani. Akwai kuma wutar da ke zuwa ba ƙarfi: kwan fitila na ci dishi-dishi, fanka na juyawa da kyar, akwatin kuma yana kashe kansa yana kunnawa ba tare da kowa ya lura ba. Ku taɓa filogin ku ji ko yana rawa a soket. Ku duba cajar akwatin, ku tabbata tasa ce ta asali. Yawancinsu na bolt 12 ne, kuma adadin yana rubuce a jikin cajar da jikin akwatin. Dole biyun su zo daidai. Idan kwamfuta ce ke raba intanet a gidan, ku shiga saitin wutarta ku hana ta yin barci, domin da ta yi barci kowa ya rasa.

Sai zafi. A watan Maris da Afrilu, akwatin da aka sa a taga ko aka lulluɓe da mayafi saboda ƙura yakan yi zafi ya tsaya. Ku ɗauke mayafin, ku share ƙurar hunturu da ta toshe ramukan iska, ku ajiye shi inda iska ke ratsawa.

Yanzu ku karanta fitilun. Wadda aka rubuta wa Power tana nuna akwai wuta. Wadda aka rubuta wa Internet ko Online, idan ta tsaya cak tana ci, an haɗu da kamfani. A akwatin wayar gilashi, wato siririyar wayar da ke kawo intanet ta hanyar haske, akwai fitilar LOS. Idan ta yi ja, haske ba ya isowa daga waje. Wayar gilashi ba ta son lanƙwasa, kuma kada kowa ya cire ta ya leƙa bakinta, hasken cikinta na cutar da ido ko da ba a ganinsa.

Idan fitilu ba su nuna laifi ba, ku zare filogin modem da na rawuta, ku ƙirga talatin. Ku fara mayar da na modem, ku jira fitilunsa su daina ƙiftawa, sannan ku kunna rawuta ko kwamfuta. Kashewa da kunnawa ba ya goge komai.

Wayar da ke tsakanin akwati da kwamfuta tana da ƙananan wayoyi takwas a cikinta, da ɗan harshen roba a baki. Idan kun tura ta ba ku ji ta ce ƙas ba, harshen ya karye, kuma ko ƙafa ce ta shure ta sai ta saki. Ku bi ta da hannu har ƙarshe, ku duba inda ƙofa ta matse ta ko ɓera ya ciza. Gwada wata waya ya fi kowane tunani sauri.

Ga wanda ya iya rubutu a kwamfuta mai Windows, akwai gwaji mai kyau. Ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta cmd, ku danna Enter. A baƙin allon da ya fito ku rubuta ping, ku bar fili, ku sa lambar akwatin da ke takardar da aka manna a jikinsa, sau da yawa 192.168.1.1 ce, sai ku danna Enter. Wannan kamar kiran akwatin ne a ji ko zai amsa. Idan ba amsa, laifin yana cikin gida. Idan ya amsa, ku rubuta ping 8.8.8.8, wato lambar wata kwamfuta da ke can waje a intanet. Wannan kuma idan ya ƙi, matsalar tana waje.

Ta waje ba taku ba ce. Wani lokaci masu gyaran hanya ne suka tsinka waya, wani lokaci abin ya fi haka nisa: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu. Kafin ku kira kamfani, ku rubuta rana da lokacin da yake ɗaukewa da launin fitilu. Mai amsa kira yana saurin taimakon wanda ya ce "fitilar LOS ta yi ja tun ƙarfe huɗu" fiye da wanda ya ce "ba ya yi." A Najeriya, idan kun kai kuka ba a share muku hawaye ba, lambar hukumar sadarwa ta NCC ita ce 622, kyauta.

Da damina, idan hadari ya taso da tsawa, ku zare filogin tun kafin ruwa ya sauko.

Aikin gida: Ku kwafi sunayen fitilun akwatinku a littafi, ku rubuta launin kowacce a lokacin da intanet ke aiki lafiya. Ku zo da shi aji mai zuwa.