Yadda ake kammala haɗa jaridar mako-mako ba tare da an ɓata da juna ba

Aikin jarida ba baƙo ba ne a Zariya. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. Sai dai ƙaramar jaridar da mutum biyar ke haɗawa a ɗaki guda a Sabon Gari ba ta da injin kanta, don haka maɗaba'a ce ke yanka mata lokaci.

Da farko, a fara lissafi daga ƙarshe. In ranar Juma'a za ta fito, a tambayi maɗaba'a ƙarfe nawa take son shafuka ranar Alhamis, sannan edita ya rage awa uku ya sanar da ma'aikata. Awa ukun nan ya ɓoye su a aljihu, don ɗaukewar wuta da neman man janareta za su cinye su.

Tun Litinin a zana shafuka a takarda. Falle ɗaya in aka ninke shi shafi 4 yake bayarwa, shi ya sa jarida ke zama shafi 8, 12 ko 16. Ba a ƙara guda ɗaya tak. Talla ake fara ba wa wuri, ita ce mai biyan kuɗin bugu.

Shafukan ra'ayi, addini da adabi ba sa jiran kowa, a gama su kafin Laraba. Shafin farko kaɗai ake bari.

Sai gyara, inda aka fi samun saɓani. Kada wanda ya rubuta labari ya gyara nasa, idonsa ya riga ya saba da kuskurensa. A yi musaya. Sunaye, sarautu da adadi a karanta su da ƙarfi, ɗaya na karatu ɗaya na bin littafin wakili da yatsa. Mai gyara kuma ya iya bakinsa. "Malam, duba mini nan" ya fi jan layi da jan biro a gaban yara masu koyon aiki.

Kafin a tura, a mayar da shafuka PDF tare da haruffansu a ciki, a buga gwaji. In ba haka ba, ɓ, ɗ da ƙ kan rikiɗe su zama akwatuna a kwamfutar maɗaba'a, ko wani ya sauya su da b, d, k, ƙasa ta koma kasa.

Bayan Isha a aiki wani ya sayo shayi da tsire, a ci a faranti ɗaya, har da edita. Wanda ya gama nasa shafin ba ya ɗaukar babur ya nufi Samaru, yakan ja kujera kusa da wanda ya makara.

Maganar wanda ya jawo latti kuwa, a bar ta sai taron Asabar, bayan kowa ya yi barci.