Yadda na gyara mangwaron da ya ƙi yin fure saboda ban-ruwan tumatir

Tumatirin rani da ke tsakanin layukan mangwaro ya yi kyau, amma bishiyoyin sai tofon ganye, fure kaɗan. Laifin ruwa ne. Mangwaro na son ƙishin kamar wata biyu kafin ya yi fure lokacin hunturu, ruwan fangalin tumatir kuwa yana kwarara har gindinsa.

Tazarar bishiyoyin mita 10 ce. Na ja fangalin zuwa tsakiya, mita 3 daga kowane gindi, na tada kunya mai tsayin taƙi biyu ta tare ruwan. Ba na shayar da mangwaron sai 'ya'ya sun kai girman gyaɗa. Gefen da inuwa ta yi yawa, alayyahu na shuka, don tumatir zanƙalewa yake yi a can.