Yadda Za Ki Kare Ƙashinki Idan Al'ada Ta Fara Ɗaukewa

Yawancin mata suna daina ganin al'ada tsakanin shekara 45 da 55. Zafin jiki da gumin dare kowa ya san su, domin suna hana barci. Abin da ke faruwa cikin ƙashi kuwa ba a jin sa. Sinadarin istrojin, wanda ke raguwa a jikin mace idan al'ada ta ɗauke, shi ne ke taka wa zaizayar ƙashi birki, da zarar ya ragu sai jiki ya riƙa rushe tsohon ƙashi fiye da yadda yake gina sabo, musamman a shekarun farko bayan ɗaukewar jinin. Ƙashin sai ya zama kamar azarar da gara ta ci, a ido lafiya ƙalau, sai ranar da nauyi ya hau ta. Alƙaluman duniya sun nuna mace 1 cikin 3 da suka haura shekara 50 za ta karye saboda wannan cuta ta zaizayar ƙashi.

Fara da duba kanki. Al'adarki ta ɗauke kafin ki kai 45, ko an yi miki aiki an cire gidan ƙwai? Mahaifiyarki ko mahaifinki ya taɓa karyewa a ƙugu? Siririya ce ke ƙwarai? Rigar da ke tsaya miki a idon sawu yanzu tana jan ƙasa, ko bayanki ya fara rankwafawa? Raguwar tsawo ta kusan santimita 4 na iya nufin ƙashin baya ya lotsa, ko da ba ki taɓa faɗuwa ba. Kowanne ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya kai ki wurin likita.

Sai batun magani, kuma nan ne nake ganin aka fi yin sakaci. Deksametason da firednisolon suna cin ƙashi idan aka yi watanni ana sha. Wasu likita ne ya rubuta musu saboda asma ko ciwon gaɓɓai, wasu kuwa a kemis suke saye don su yi ƙiba, abin nan da ake kira sha-ka-fashe. Kumatu za su cika, ƙashi yana ƙarewa. Idan kin daɗe kina sha, kada ki yanke shi rana ɗaya, hakan ma hatsari ne. Likita zai rage miki shi sannu a hankali.

Na uku, abinci. Macen da ta wuce 50 tana buƙatar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, kusan miligiram 1,200 a rana, kofi ɗaya na madara kuma yana ba da kusan 300. Ba sai kin nemi abin kanti ba: nono, kindirmo, cuku, riɗi, zogale, miyar kuka, da ƙananan kifi da ake tauna su har ƙaya, duk suna da shi. Amma kalsiyam ba ya shiga jiki sosai sai da bitamin D, wanda fata ke haɗawa idan rana ta taɓa ta. Ranar ba ta yi mana ƙaranci ba, sai dai macen da ke wuni a ɗaki, in za ta fita kuma ta rufe jiki, tana iya rasa shi. Tsakar gida ta wadatar. Ki zauna da hantsi, hannuwa da ƙafafu a buɗe, na ɗan lokaci a yawancin ranaku. Taba da giya kuwa a bar su.

Ƙashi yana ƙarfi ne idan yana ɗaukar nauyin jiki. Tafiya da ɗan sauri ta minti 30, hawan bene, tashi daga kujera ba tare da dafawa ba sau da yawa a jere. 'Ya'yan da ke cewa "Mama, ki zauna ki huta" da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma zaman ba ya yi wa ƙashinta alheri.

Gwajin da ke tabbatar da cutar shi ne deksa, na'urar da ke auna kaurin ƙashin ƙugu da na baya cikin mintuna, ba allura ba zafi. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna zaizaya sai ta yi nisa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, sakamako daga -1 zuwa -2.5 na nufin ƙashi ya fara rauni, -2.5 ko ƙasa da haka kuma cutar ta kama. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, don haka ki tambayi likita inda zai tura ki.

Idan kika zame a banɗaki kika karye a wuyan hannu, kada a tsaya ga ɗori kawai. Mai ɗori zai haɗa ƙashin, amma ba zai tambayi dalilin da faɗuwa daga tsaye ta karya shi ba, alhali wadda ta karye sau ɗaya ta fi kusa da karyewa ta biyu. Ki je asibitin ƙashi, irin na Dala a Kano, a bincika. A gida kuma a gyara santsin banɗaki, a ajiye tocila kusa da gado, a duba idanu.

In an rubuta miki alendironet, maganin rage zaizayar ƙashi, sau ɗaya a mako ake yawan shan sa, da sassafe kafin ki ci komai, da cikakken kofin ruwa zalla. Kada ki kwanta ko ki ci wani abu sai bayan minti 30, domin yana iya ƙona maƙogwaro idan ya tsaya a hanya. In akwai haƙorin da za a cire miki, ki gaya wa likita kafin ki fara.