Sababbin zuwa, ku karanta wannan kafin ku sayi kwalbar omega

Duk wanda ya sauka Turai ko Amurka, makon farko da ya shiga kemis ko babban kanti zai ci karo da layi guda cike da kwalaben man kifi, kowace kwalba da hoton zuciya ko ƙwaƙwalwa a jiki, an rubuta omega 3 da manyan baƙaƙe, sai mutum ya ji kamar duk garin shan abin nan suke yi shi kaɗai aka bari a baya. To ku dakata tukuna 'yan uwa. Omega 3 gaskiya ne jiki na bukatarsa, amma ba lallai sai ta kwalba ba, kuma yawancinku kifi ya ishe ku.

Omega 3 wani nau'in mai ne da jiki ba ya iya haɗawa da kansa, dole sai an ci. Iri uku ne ake maganarsu. Akwai ALA, shi daga tsirrai yake fitowa, 'ya'yan filaks da ciya da walnot da man kanola. Sai EPA da DHA, su kuma a kifi mai maiƙo suke. Matsalar ita ce su EPA da DHA ɗin su ne masu aikin da ake ta yabo, kuma jiki ɗan kaɗan yake iya juya ALA zuwa gare su, DHA ma ya fi ƙaranci. Don haka wanda ke zuba ciya a yogot kullum ya yi abu mai kyau, amma bai maye gurbin kifi ba.

Asalin surutun ya faro ne a shekarun 1970, lokacin da wasu likitoci biyu 'yan Denmak, Bang da Dyerberg, suka je Girinlan suka binciki jinin mutanen Inuit masu rayuwa a kan kifi da naman dabbobin teku. Daga nan duniya ta ɗauka, kamfanoni suka shiga. Abin da ya tabbata tun daga lokacin shi ne omega 3 yana rage wani kitse da ke cikin jini, wanda likita zai kira tirigilisarayid idan ya ba ka sakamakon gwaji, kuma masu cin kifi a kai a kai ciwon zuciya bai cika kashe su kamar waɗanda ba sa ci ba.

Amma da aka zo gwada kafso ɗin shi kaɗai sai labari ya sha bamban. A 2018 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka mai suna VITAL, mutum sama da dubu 25 aka bi shekaru, rabi na shan giram 1 na man kifi kullum, rabi na shan na bogi, kuma ba a ga wani ragi a zo a gani ba a jimillar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilin zuciya. A shekarar dai wani binciken, REDUCE-IT, ya nuna ragin kashi 25 cikin 100 a irin waɗannan matsalolin zuciyar, sai dai fa shi magani ne na EPA zalla, giram 4 a rana, da likita ke rubutawa ga waɗanda ke cikin haɗari sosai, masu yawan kitsen jini da suke kan maganin kolestarol tun farko. Ba irin wanda ake jerawa a kanti ba ne. Kuma shan da yawa ba kyauta ba ne, an ga yana ƙara haɗarin rikicewar bugun zuciya. Ni dai a ganina mai lafiya ƙalau da ke sayen kwalba duk wata, gara ya sayi kifi da kuɗin.

Ta ɓangaren ƙwaƙwalwa, DHA yana cikin abin da aka gina ta da shi, haka tantanin ido da ke karɓar haske. Lokacin da ya fi muhimmanci shi ne watanni uku na ƙarshen ciki da shekaru biyu na farkon yaro, lokacin ne yake taruwa sosai. Shi ya sa unguwar zoma za ta yi wa mai ciki maganarsa, kuma a ƙasashen Tarayyar Turai dole ne a sa DHA a madarar jarirai. Batun cewa kafso zai ƙara wa babba kaifin basira ko ya hana tsoho mantuwa kuwa, an gwada ba a ga hakan ba, kar ɗalibi ya ɗauka zai ci jarrabawa da shi.

To nawa za a ci? Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta ce kifi sau biyu a mako, ɗaya ya zama mai maiƙo, kowane ci kamar giram 140. Ƙungiyar masana zuciya ta Amurka ma sau biyun ta ce. Mai maiƙo shi ne salmon, sadin, herin, tarawut da makarel wato titus. Na gwangwani ma yana yi, na firiza ma yana yi, ba sai ɗanye mai tsada ba. Inda mutane ke ruɗewa shi ne farin kifi irin su kod da ake soyawa cikin fulawa a shagunan abinci, wannan omega ɗinsa kaɗan ne. Tuna ma NHS ba ta lissafa shi cikin masu maiƙo.

'Yan uwa mata masu juna biyu, ku kam akwai ƙarin kula. Manyan kifaye irin su shak da sodfish da malin suna tara zaiba a jikinsu, a bar su gaba ɗaya. Mai maiƙon ma kar ya wuce sau biyu a mako. Sannan man hantar kod da ake sayarwa kusa da sauran, kar a sha shi da ciki, bitamin A ya yi yawa a ciki kuma yana iya cutar da jariri.

Wanda ba ya cin kifi sam, ko warinsa ke tayar masa da zuciya, shi ne kwalba za ta yi wa amfani. Amma juya bayanta ka karanta. Za ka ga an rubuta miligiram 1000 a gaba, wannan nauyin man ne gaba ɗaya, a baya kuma sai ka tarar EPA 180 ne DHA 120, jimilla 300 ke nan. Hukumar kula da abinci ta Turai ta ce miligiram 250 na su biyun a rana ya wadatar da babba, to wannan lambar za ka duba. Ka kuma duba ɓawon kafso ɗin, da jelatin ake yin yawancinsu, idan ba a faɗi na wace dabba ba ce zai iya zama na alade, sai ka nemi mai tambarin halal ko na jelatin kifi, ko kuma wanda aka yi da man gansakukar teku, shi yawancinsa babu dabba a ciki, dama can kifin ma daga gansakukar yake samo nasa.

Mai rubutun omega 3-6-9 kuwa wlh kwalliyar talla ce. Omega 6 ya riga ya cika a man girki irin na sanfulawa da masara da waken soya, omega 9 kuma jiki na yin abinsa, ga shi a man zaitun.

Idan ka yi rajista da likita a sabon garinka za a tambaye ka magungunan da kake sha, ka ambaci man kifin shi ma ko da ba likita ya rubuta maka ba, musamman idan kana shan maganin tsinka jini irin su wafarin ko za a yi maka tiyata. Kwalbar kuma a ajiye ta nesa da hita da rana, in ka buɗe ka ji tana wari mai ƙarfi man ya lalace ne, a zubar.