Yadda ake rufe bututun na'urar sanyaya ɗaki a lanƙwasa da mahaɗa

Idan damina ta kankama a Kaduna, musamman a watan Agusta, magidanta da yawa kan ga tabon ruwa a silin ko a jikin bango su ɗauka kwano ne ke yoyo, alhali bututun na'urar sanyaya ɗaki ne ke gumi. Jan ƙarfen da gas ke bi ta cikinsa yana yin sanyi ƙwarai, kuma duk inda iska mai laima ta taɓa shi tsirara, nan take ruwa zai taru ya fara ɗiga. Miƙaƙƙen bututu ba kasafai yake ba da matsala ba. A lanƙwasa da mahaɗa ne aikin ke lalacewa.

Da farko a kashe na'urar, a goge ƙurar da ke jikin bututun, a bar shi ya bushe sarai, domin gam ba ya kama wuri mai danshi. Bututu biyu ne, siriri da mai kauri, kuma kowanne yana buƙatar nasa baƙin soson daban, wato robar nan mai laushi mai rami da ake rufe bututu da ita, wanda ya yi daidai da faɗinsa. Cusa su cikin soso ɗaya ganganci ne, ko da mai gyara ya ce hakan ya fi arha.

Lanƙwasa ce ke son haƙuri. Idan aka ja soson da ƙarfi a kan gwiwar bututu, bayansa zai miƙe ya yi siriri, cikinsa kuma ya tattare, daga baya ya tsage. Inda lanƙwasar ta yi tsanani, sai a yanka bakin soso biyu a karkace da wuƙa mai kaifi, kowanne a kan digiri 45, a shafa gam a fuskokin biyu, a ɗan jira har ya daina manne wa yatsa, sannan a haɗa su a danna. Na taɓa ganin wani aiki a unguwar Barnawa da ke Kaduna inda aka bar tazarar da ba ta wuce faɗin farce ba a irin wannan gwiwa, amma fentin da ke ƙarƙashinta ya kumbura, funfuna ta yi baƙi a kusurwar ɗakin. Gara a yanka soson ya ɗan fi wurin tsawo, a tura shi ya matsu, da a ja shi ya kai da ƙyar.

Kada a rufe notin mahaɗa sai an shafa masa ruwan sabulu. Idan kumfa ta riƙa tasowa, gas na zurarewa, sai a kira mai gyara tukuna. In babu, a lulluɓe notin gaba ɗaya da soso mai faɗi wanda zai hau kan na gefensa, kuma kada a ɗaure da waya har ya lotse, domin iskar da ke cikin soson ita ce ke tare zafi.

Sashen da ke waje kuwa, ranar Maris da Afrilu tana gasa shi har ya riƙa marmashewa a hannu. A naɗe shi da farin tef, a faro daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye ya hau rabin na baya don kada ruwan sama ya sami hanyar shiga, sannan a toshe ramin bangon da bututun ya ratsa.