Yadda ake tashi daga damben Olamfik zuwa kambun duniya

In ka ciyo lamba a Olamfik kana shirin shiga damben kuɗi, to fara sanin cewa wasan da ka saba daban, wanda za ka shiga daban. A Olamfik turmi uku ne kacal, kowanne minti uku, ka yi ta sauri kana taɓa mutum kana tara maki kana zillewa. Damben kambun duniya kuwa turmi 12 ne, safar hannu ta fi ƙanƙanta, kuma wanda ke gabanka so yake ya kai ka ƙasa. Dole ka koyi kafa ƙafa ka sa nauyin jikinka cikin naushi, ka koyi dukan ciki da haƙarƙari, sannan ka iya tattalin numfashi, don a turmi na tara da na goma ne ƙafa ke fara rawa, hannu ya ƙi ɗaguwa ya kare haɓa.

Sai batun mutanen da za ka tara, koci da manaja da mai shirya dambe. Nan ne gaskiya nake jin tsoro wa yara masu tasowa, saboda ana zuwa musu da kuɗin sa hannu suna cikin murnar lamba, su rattaba hannu a kwantiragin shekaru ba su karanta ba. Ka nemi lauya naka na kanka, ba wanda mai shirya damben ya kawo ba. Koci yawanci kashi 10 yake ɗauka a kuɗin kowane dambe, manaja kan kai har kashi ɗaya cikin uku, ga haraji ga kuɗin atisaye, abin da zai rage maka bai kai yadda ake faɗa a labarai ba. Kuma kar ka yarda manajanka ya zama shi ne mai shirya maka wasa, a Amurka ma tun 2000 akwai doka mai sunan Muhammad Ali da ta raba ayyukan biyu.

Daga nan a hankali ake hawa, turmi huɗu ko shida, sai takwas, sai goma, kuma kowane abokin karawa ya zama akwai abin da zai koya maka, yau bahago, gobe dogo, jibi tsohon hannu mai riƙe-riƙe. Dubi Anthony Joshua, ya ci zinare a Landan a 2012, ya shiga damben kuɗi a 2013, sai a wasansa na 16 a 2016 ya buge Charles Martin ya karɓi kambun IBF, ɗaya daga cikin manyan hukumomin damben duniya. Lomachenko da ya ci zinare sau biyu ya nemi kambu a wasansa na biyu kawai, Orlando Salido ya nuna masa dabarun tsofaffi ya doke shi a 2014, sai a wasansa na uku Lomachenko ya ɗauki kambun hukumar WBO, kuma shi fa ya yi wasa kusan 400 kafin ya shigo damben kuɗi, don haka kar ka ce za ka kwaikwaye shi. Jinkirin ma yana da illa, Audley Harrison ya ci zinare a 2000, ya daɗe yana karawa da waɗanda ba su kai shi ba, har ya gama bai taɓa riƙe kambun duniya ba.

Hukumomin da ake ji da su huɗu ne, WBA, WBC, IBF da WBO, kowacce da jerin sunayenta, sai ka shiga cikin 15 na sama kafin mai kambu ya iya zaɓarka. Ka zaɓi guda ka bi, ka ci ƙananan kambunanta na yanki har ka zama wanda dole a kara da shi.

In Allah ya ba ka kambun, duk wasan kare shi da za ka sa hannu ka tabbata akwai sharaɗin sake karawa in ka faɗi. Da shi Joshua ya dawo da kambunansa daga hannun Andy Ruiz a Saudiyya a Disambar 2019, wata shida bayan Ruiz ya buge shi a New York.